Na yi sakataren reshen ƙungiya shekara tara, ga abin da idona ya gani

Assalamu alaikum. Alhaji, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da na karya kumallo hankali ya kwanta. Ka ce kai ɗan kasuwa ne, ba ka da albashi ba ka da fansho, masu karɓar haraji kuma ba sa ɗaga maka ƙafa, amma kullum sai ka ji 'yan ƙwadago sun tafi yajin aiki a ƙara musu kuɗi. Ka tambaya ko waɗannan ƙungiyoyi taimakon ma'aikaci suke yi da gaske, ko kuwa kaya ne aka jibga wa masu biyan haraji.

Gara in faɗa maka inda nake tsaye tun farko. Malamin firamare ne ni, shekara 35 ina shaƙar ƙurar alli, na ajiye aiki a 2022. Tara daga cikin shekarun nan ni ne sakataren reshen ƙungiyarmu ta malamai a ƙaramar hukuma. To ka ga ina da ɓangare. Sai dai na ci tuwon gidan, na kuma san inda rufinsa ke yoyo.

Wata shekara aka yi tantancewa a jiharmu don a zaƙulo ma'aikatan bogi. Abu mai kyau, don akwai su, har da waɗanda suka daɗe a kabari ana karɓar albashinsu. Amma tsintsiyar ta haɗa da masu rai. A ciki akwai wata malama, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, aji uku take koyarwa, kuma ba na tuna ranar da na je makarantarsu ban same ta a aji ba. Laifinta shi ne shekarar haihuwar da ke takardar makarantarta ta saɓa da wadda ke BVN. Shi ke nan sunanta ya fita daga takardar biya. Wata ya mutu, abokan aiki wayoyinsu na ƙara, tata shiru. Ta je sakatariya sau uku ita kaɗai. Yau a ce oga ya yi tafiya, gobe a ce fayil ɗin ba ya nan, jibi a ce ki dawo Litinin. Da ta zo wurina wata na biyar ke nan, takardunta a cikin baƙar leda duk sun yi laushi saboda yawo. Ta ce, "Malam, ni ba ƙari nake nema ba, a dai yarda ina da rai."

Muka tattara masu irin matsalarta, muka haɗa takardun kowa da sa hannun hedimastansa, shugaban reshe ya kai jiha, jiha ta rubuta cewa in ba a gyara ba za a rufe makarantu. Ƙofar da mace ɗaya ta yi wata biyar tana ƙwanƙwasawa, cikin mako uku ta buɗe. An mayar da sunanta a wata na bakwai, aka biya ta ariyas na wata huɗu. Sauran ukun har na bar aiki ba su fito ba.

Ga inda labarin ya shafe ka, Alhaji. Duk watannin nan mai kantin layinsu ne ya riƙe gidan. Yana da littafi, shafinta ya cika da kwanon masara, manja, sabulu, magi, har ya juya bayan shafin. Ranar da ariyas ya shigo, daga mai POS wurinsa ta wuce. Albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya kwana uku a hannunsa, kasuwa yake komawa. Kai da kanka ka san yadda ciniki ke mutuwa a garuruwanmu idan aka yi wata biyu ba a biya ma'aikata ba, kamar yadda ya faru a jihohi da dama a 2015, har sai da gwamnatin Buhari ta ba gwamnoni kuɗin ceto don su biya bashin albashi.

Irin wannan aiki shi ne mafi yawan abin da ƙungiya ke yi, kuma rediyo ba ya faɗa. Wanda aka tura ƙauye mai nisa don ya ƙi bin wani ɗan siyasa, wanda aka danne masa ƙarin girma shekara shida, magadan da ake ta juyawa kan haƙƙin mamaci.

Mu zo kan kuɗi, tunda nan ne ƙorafinka. A 1981, zamanin Shagari, lokacin Hassan Sunmonu na shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, wato NLC, an yi yajin aiki aka sami mafi ƙarancin albashi na naira 125. A canjin wancan lokaci kuɗin ya kai wajen dala 200. A 2011 Jonathan ya sa hannu kan 18,000, wajen dala 115 ke nan. A 2019 Buhari ya sa hannu kan 30,000, bai kai dala 100 ba. A Yulin 2024 Tinubu ya sa hannu kan 70,000, wanda ko dala 50 bai cika ba. Lamba na hawa, abin da take saya na sauka. In da ƙungiyoyin nan tatsar baitulmali suke yi kamar yadda ake zato, da ma'aikacin yau ya fi ubansa wadata. Ubansa da albashin masinja ya sayi keke Raleigh ya gina ɗaki biyu. Shi kuwa buhun shinkafa ɗaya ya gagare shi. Kuma duk ƙarin nan, babu wanda gwamnati ta wayi gari ta bayar don Allah, sai da aka ja daga.

Batun haraji kuma, shi ma'aikacin gwamnati ba ya iya ɓuya. Tun kafin albashi ya taɓa asusunsa an zare haraji, an zare na fansho. In ya shigo shagonka ya sayi kayan kamfani, harajin sayen kaya na VAT ɗin nan da aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020 yana cikin farashin da ya biya. Sannan yawancin jihohinmu na Arewa ba da harajin da suke tarawa a gida suke biyan albashi ba, da kason wata-wata ne daga asusun tarayya. Wannan kason ya ƙaru sosai bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, amma sai ka ji gwamna na rantsuwa ba zai iya biyan 70,000 ba, alhali ayarin motocinsa bai ragu da ko ɗaya ba.

Zan ba ka gaskiyarka a wuri guda. Ƙarin albashi na iya tayar da farashi. Dattawa na tuna ƙarin albashin Udoji na 1974, da aka zuba wa ma'aikata ƙari haɗe da ariyas a dunƙule, kowa ya ruga sayen rediyo da babur, kaya suka yi tashin gwauron zabi, manomi da ɗan dako da ba su ga ko kwabo ba suka sha wuya. Amma a wannan karon tsadar ce ta riga ƙarin zuwa. Litar mai ta bar ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin wata biyu a 2023, ƙarin albashi bai zo ba sai bayan shekara guda.

To ina nauyin yake? Akwai shi, ba zan ɓoye ba, sai dai ba aljihunka ya fi dannewa ba. Yana kan wanda ba shi da wani wurin zuwa in an rufe na gwamnati.

Na ga wannan a layinmu. Ana cikin wani yajin aikin ma'aikatan lafiya, naƙuda ta kama matar maƙwabcina, mai facin taya ne. Ƙarfe ɗayan dare ya buga min ƙofa. Muka ɗauke ta a A Daidaita Sahu zuwa asibitin gwamnati, mai gadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce babu kowa. Muka juya zuwa asibitin kuɗi, suka ce sai an ajiye wani abu kafin a taɓa ta. Washegari ya sayar da injin ba da iskarsa. Allah Ya sauke ta lafiya, amma mutumin nan ya fi shekara yana aiki da famfon hannu. Waɗanda aka yi yajin aikin don a matsa musu kuwa, ko ciwon kai ya kama su jirgi suke hawa. A daren nan, a bakin ƙofar asibiti, na ji kunyar katin ƙungiyar da ke aljihuna, ko da yake ba tamu ce ta rufe wurin ba.

Haka ɗaliban jami'o'in gwamnati suka zauna gida kusan wata tara a 2020, suka sake zama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. 'Ya'yan masu hali suna jami'o'in kuɗi ko ƙasar waje, karatunsu bai tsaya ba. Amma kafin a tsine wa ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'in da ta yi wannan yajin aiki, a tuna cewa harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, wanda ya zama TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, daga gwagwarmayarta ya fito. Shiga kowace jami'a ko kwalejin ilimi ka karanta abin da ke rubuce a jikin sababbin gine-gine. Kuma yarjejeniyar 2009 tsakanin ASUU da gwamnati, da aka yi ta rigima a kanta, gwamnati ce ta sa hannu da kanta. Ranar 3 ga Yunin 2024 kuma, da NLC da takwararta TUC suka kashe babban layin wutar ƙasa, mai niƙa da mai walda da mai ƙanƙara ne suka yi asarar cinikin yini, mutanen da ko sisi ba za su gani ba daga ƙarin da ake nema.

Abu na biyu ya fi min ciwo, don da hannuna a ciki. Mun kare mutanen da bai kamata a kare ba. Akwai wani malami da ke da rumfa a kasuwa, sai ya leƙo makaranta ya sa hannu ya wuce. Da aka ba shi takardar tuhuma ya zo yana "Kwamared, za a ci zarafina." Na bi shi ofis na roƙa, aka yafe. Dalilina a lokacin shi ne yana biyan kuɗin ƙungiya, kuma zaɓen reshe ya matso. Yara sittin da ke ajinsa ba su da ƙuri'a. Shi ya sa da aka yi rikicin Kaduna a 2017, inda gwamnatin El-Rufai ta ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu ta kuma sallame su, zuciyata ta rabu biyu. Korar dubban masu iyali a lokaci guda abu ne mai tsanani, kuma an yi ta ƙorafi kan yadda aka gudanar da jarrabawar. Amma na san in da mu malamai mun riƙa tsame baragurbin cikinmu da kanmu, da wani bai sami hujjar yi mana kuɗin goro ba. Laifi tudu ne.

Maganar manyanmu na sama ba zan tsawaita ba. Kuɗin ƙungiya ana zare shi kowane wata, lissafinsa kuwa sai a taron shekara a karanto da sauri a tafa. An sha kiran yajin aiki da safe, a shiga ɗaki da dare, a fito a ce an janye, mu na ƙasa ba mu san abin da aka ƙulla ba. A Janairun 2012 dai kowa ya ci moriya, don yajin aikin da zanga-zangar jama'a ne suka sauko da mai daga wajen naira 140 zuwa 97, har kai mai shago.

Ka kuma duba inda babu ƙungiya kwata-kwata. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Malaman ƙananan makarantun kuɗi na unguwa, masu gadi, 'yan aikin gidan burodi, yaran shago, duk suna waje. Ina da ɗalibata da ta gama NCE tana koyarwa a irin wannan makaranta, abin da ake ba ta bai kai rabin mafi ƙarancin albashi ba, watan hutu kuma ba a biya. Da ta yi magana mai makarantar ya nuna mata tarin takardun masu neman aiki a kan teburinsa. Ba ta da sakataren da za ta kai wa ledar takardunta.

Ku ma 'yan kasuwa ai kuna da taku. In aka ƙara kuɗin rumfa ko masu haraji suka matsa, shugabannin kasuwa ne ke zuwa su zauna da hukuma, in ta ƙi ci a rufe shaguna. Sunan ne kawai ya bambanta.

Ni yanzu na koma layin 'yan fansho. Garatutina bai fito ba tukuna, an ce ana biya kashi-kashi, kuma ba a iso shekararmu ba. Ranar Laraba muna da zama a ƙungiyar 'yan fansho kan wannan magana, an ce kowa ya zo da kwafin takardar ajiye aikinsa guda biyu. Nawa suna nan a cikin leda.