Me ya sa aka ajiye Frankel yana ɗan shekara huɗu, kuma shin 'ya'yansa sun gaje shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'abocin dawaki ne, kuma na kalli bidiyon wani dokin sukuwa na Ingila mai suna Frankel, wanda aka ce tsere 14 ya shiga a rayuwarsa kuma duk ya cinye su. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an janye shi daga fili yana da shekara huɗu kacal, alhali a sanina doki mai shekara huɗu yanzu ne ƙarfinsa yake kawowa. Mene ne dalili? Kuma shin gudun uba yana tabbatar da gudun ɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta shafi rayuwa biyu da irin wannan doki yake yi, ta filin sukuwa da ta barga, kuma ba za a gane dalilin katse ta farko ba sai an san darajar ta biyu.

Frankel yana daga jinsin da Turawa suke kira Thoroughbred, wanda aka samar a Ingila musamman domin tsere. Duk dokin wannan jinsi, idan aka bi salsalarsa ta wajen uba, zai tuƙe ne ga ɗaya daga cikin ingarmu uku da aka shigo da su Ingila daga ƙasashen Gabas kimanin shekara 300 da suka wuce, wato Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian, kuma tun 1791 ake da littafin da ake rubuta nasabarsu a ciki. An haifi Frankel ranar 11 ga Fabrairu, 2008, a gidan kiwon Juddmonte na Yarima Khalid bin Abdullah na Saudiyya. Ubansa Galileo ne, wanda ya ci tseren Derby na Epsom a 2001, uwarsa kuma goɗiya ce mai suna Kind, 'yar Danehill, wadda aka sani da zafin gudu a gajeren zango. Galileo da Danehill dukansu jikokin Northern Dancer ne, saboda haka jinin wannan mashahurin ingarma na Kanada ya haɗu a jikinsa ta ɓangare biyu. An sa masa suna ne domin tunawa da Bobby Frankel, mai horas da dawakin Yarima a Amurka, wanda ya rasu a 2009.

Wanda aka damƙa wa horonsa shi ne Henry Cecil na garin Newmarket, mutumin da ya zama zakaran masu horaswa na Birtaniya sau goma, kuma a lokacin yana fama da ciwon daji. Mahayinsa a dukkan tserensa 14 mutum ɗaya ne, Tom Queally. Babban aikin Cecil shi ne koya wa dokin haƙuri, domin Frankel doki ne mai zafin kai, mai fizgar linzami, wanda yake son ya zuba duk ƙarfinsa tun daga tashi. Shi ya sa daga baya aka riƙa sa ɗan'uwansa ta wajen uwa, Bullet Train, ya shige gaba ya ja ragamar gudu, shi kuma ya biyo baya a natse har lokacin da mahayi zai sake shi.

Ya fara tsere ranar 13 ga Agusta, 2010, a Newmarket, inda ya tsere wa wani doki mai suna Nathaniel da rabin tsawon doki (da tsawon jikin doki ake auna tazara a tsere), kuma wannan ce tazara mafi ƙanƙanta da aka taɓa matso shi da ita. Ranar da duniya ta san shi ita ce 30 ga Afrilu, 2011, a tseren 2000 Guineas mai tsawon mil ɗaya. Al'adar irin wannan tsere ita ce a tattala ƙarfin doki sai an kusa ƙarshe, amma Queally ya sake shi tun daga farko, har ya ba sauran tazarar tsawon doki kusan 15 kafin a kai rabin hanya, sannan ya ƙare da tazarar 6. Ni a ganina wannan tseren ne ya fi nuna irin baiwarsa, ko da yake ba shi ne aka fi yaba wa a lissafi ba, domin dokin da aka yi wa irin wannan hawa yakan sare kafin ƙarshe, shi kuwa bai sare ba. A babban taron sukuwa na Royal Ascot na wannan shekara an sake shi da wuri, Zoffany ya matso shi har saura kashi uku cikin huɗu na tsawon doki, kuma daga nan aka ƙara kiyayewa da yadda ake hawansa. Bayan haka ya kayar da Canford Cliffs da tsawon doki 5 a Sussex Stakes.

A nan akwai gyara kaɗan ga tambayarka. Bisa al'adar wannan sana'a, ba a yi gaggawar ajiye Frankel ba, an ma jinkirta. Manyan ingarmu da yawa suna barin fili suna da shekara uku: Sea The Stars ya tafi barga a ƙarshen 2009 yana ɗan shekara uku, haka ma Dancing Brave, wanda shi ma na Yarima Khalid ne, a 1986. Barin Frankel ya ƙara shekara guda kasada ce ta gaske, kuma a watan Afrilun 2012 ya bugu a ƙafa wajen atisaye har aka ji tsoron ko ya gama, sai bincike ya nuna jijiyar ba ta taɓu ba. Wannan shekarar ta huɗu ce ta cika masa suna. Ya ci Queen Anne Stakes da tazarar tsawon doki 11, ya ci Juddmonte International a York da tazarar 7 a karon farko da aka gwada shi a zangon da ya haura mita 2,000, sannan ya rufe da Champion Stakes a Ascot ranar 20 ga Oktoba, 2012, a kan ƙasa mai laushi da ruwa ya jiƙa, bayan ya yi nawar tashi, ya wuce Cirrus des Aigles na Faransa. Cikin nasarorinsa 14, goma a tseren rukuni na ɗaya ne, wato ajin tsere mafi daraja, kuma kamfanin Timeform mai auna ƙwazon dawaki ya ba shi maki 147, mafi yawa da ya taɓa bai wa dokin tseren da ba a tsallake shinge. Cecil ya rasu a watan Yunin 2013, wata takwas bayan wannan tsere na ƙarshe.

Dalilin janye shi kuwa yana cikin lissafi. Duk kuɗin da ya ciyo a fili cikin shekara uku bai cika fam miliyan 3 ba. Da aka kai shi bargar Banstead Manor kusa da Newmarket a 2013, an sa kuɗin barbararsa fam 125,000 a kan kowace goɗiya, kuma an kawo masa goɗiya 133 a kakar farko. Ko da an cire na gidan Juddmonte da ba a biya musu, da waɗanda ba su ɗauki ciki ba, za ka ga kaka ɗaya a barga ta ninka duk abin da ya samu a fili sau da yawa. Abin da ya sa farashin yake tsada haka shi ne dokar jinsin: ba a rubuta ɗuƙushi a littafin nasaba sai idan ingarma ya hau goɗiya da kansa, ba a yarda da ɗura iri ta hanyar likita ba, saboda haka yawan 'ya'yan da uba ɗaya zai haifa a shekara yana da iyaka. Ka haɗa wannan da cewa karaya ɗaya a ƙafa tana iya zama ajalin doki, kuma dokin da ba a taɓa kayarwa ba ba shi da abin da ƙarin nasara za ta ƙara wa farashinsa, sai dai faɗuwa ta rage.

Sashe na biyu na tambayarka ya fi wuya, kuma amsarsa a'a ce, gudun uba ba ya tabbatar da na ɗa. Ɗuƙushi rabin gadonsa daga uwa yake, sannan ga kiwo da horo da lafiyar ƙafa. Secretariat na Amurka, wanda ya cinye manyan tsere uku na ƙasarsa a 1973, ya haifi 'ya'ya nagari, amma babu wanda ya kusa kamo shi, kuma tasirinsa ya fi fitowa ta wajen 'ya'yansa mata, waɗanda suka haifi ingarmu irin su Storm Cat da A.P. Indy. Don haka lokacin da Frankel ya shiga barga, masu kiwo sun biya kuɗi ne a kan fata, kuma dole suka jira: ciki wata 11, haihuwa a 2014, tseren farko a 2016.

Ɗansa na farko da ya taka fili, Cunco, ya ci tserensa a Newbury a watan Mayun 2016. A ƙarshen wannan shekara 'yarsa Soul Stirring ta ci tseren rukuni na ɗaya a Japan. Cracksman ya ci Champion Stakes, tseren da ubansa ya yi bankwana da shi, a 2017 da 2018. A 2019 Anapurna ta ci Oaks, Logician ya ci St Leger. Shekarar 2021 ce ta yanke gardama, domin Adayar ya ci Derby na Epsom, Hurricane Lane ya ci Derby na ƙasar Ireland da St Leger, kuma Frankel ya zama zakaran ingarmun Birtaniya da Ireland, wato uban da 'ya'yansa suka fi ciyo kuɗi a tsere a shekarar, matsayin da ubansa Galileo ya riƙe shekara da shekaru har ya mutu a watan Yulin wannan shekarar. Yarima Khalid bai ga wannan ba, ya rasu a watan Janairu. Alpinista ta ci Prix de l'Arc de Triomphe, wanda ake taƙaitawa da Arc, a Faris a 2022, Chaldean ya ci 2000 Guineas a 2023, kuma kuɗin barbara ya hau zuwa fam 350,000 a 2024.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan jerin shi ne zangon da 'ya'yan suke ci. Babbar sukar da ake yi wa Frankel, wadda kuma take da tushe, ita ce bai taɓa tsere a wajen Ingila ba, bai shiga Derby ko Arc ba, ba a kuma taɓa gwada shi a mil ɗaya da rabi ba, zangon da Turawa suke auna cikakken doki da shi. Sai ga shi manyan 'ya'yansa a wannan zangon suka fi shahara, wasu ma har zangon St Leger da ya fi shi tsawo. Wannan yana nuna jimirin Galileo yana jikinsa, zafin kansa ne ya sa Cecil ya tsare shi a mil ɗaya har sai da ya natsu. Duk da haka zan gaya maka gaskiya, a cikin ɗaruruwan 'ya'yan da ya haifa babu wanda ya kai shi, kuma da yawa ba su ci wani babban tsere ba duk da tsadar da aka biya. Gwajin da ya rage masa shi ne ko 'ya'yansa maza za su zama iyaye nagari, kuma an fara ganin alama: Ace Impact, ɗan Cracksman, ya ci Arc a 2023, ya bar fili bayan tsere shida ba a kayar da shi ba, shi ma aka wuce da shi barga yana ɗan shekara uku.