Ku Tambayi Anti: Uban ke aiken ɗansa sayen taba, shi kuma ya doke shi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Maigidana yana shan taba sigari tun kafin aurenmu. Ɗanmu na fari, mai shekara 12, shi yake aika wajen mai tebur ya sayo masa kara biyu ko uku. Makon jiya na kama yaron a bayan ɗaki yana zuƙar guntun da babansa ya yar. Da na gaya wa baban, ya yi masa dukan kawo wuƙa, washegari kuma ya sake aikensa. Yaya zan yi?
Maman yara, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wasiƙarki ta taɓa ni ƙwarai. Yaron nan bai ƙirƙiri komai ba. Tun yana goye yake ganin mutumin da ya fi girmamawa a duniya yana ƙyasta ashana bayan cin abinci, yana busa hayaƙi cikin nishaɗi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dukan nan abu ɗaya zai koya masa: ya ƙara ɓoyewa.

Aiken yaron sayen taba shi ya fi damuna. Yaron da ya san mai tebur, ya san kuɗin kara ɗaya, ya san ba wanda zai tambaye shi, an riga an buɗe masa ƙofa. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. Ashe kullum sai an taka doka da hannun ɗanku.

Ki nemi lokacin da maigida yake cikin natsuwa, ba a gaban yara ba. Kada ki fara da "ka daina", domin sinadarin nikotin da ke cikin taba yana kama jiki, barinsa sai a hankali, wani lokaci har da taimakon likita. Ki roƙe shi ya daina aiken yaron daga yau, ya daina sha a cikin gida, ya daina yar da guntu a tsakar gida. Hayaƙin ma kansa yana jawo wa yara tari da asma. In ya ƙi saurara, ki kai maganar wurin yayansa ko wani dattijo da yake jin kunyarsa.

Mu ma mata mu duba kanmu. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, bayan ya yi ɓarna a Kano da Jigawa, kuma har da matan aure a cikin masu kwankwaɗarsa. Uwar da ke haɗiyar ƙwaya ba umarnin likita, yara na kallo, ita ma darasi take koyarwa.

Shi kuwa yaron, ki zaunar da shi a hankali, ki tambaye shi da wa yake sha, tun yaushe. Idan har babansa zai iya ce masa da bakinsa, "Na yi nadamar fara wannan abu," to a sa shi ya faɗa masa cikin makon nan.