Amsa: laptop tana gudu a caja, in an zare sai tafiyar hawainiya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce laptop ɗinka lafiya lau take in tana jikin caja, amma da an ɗauke wuta ta koma kan batir sai ta fara jan ƙafa, har wani a Circle, wajen masu gyara a Accra, ya ce sai an yi mata fomat an ƙara RAM, wato memorin da take aiki da shi. Kar ka ba shi ko sidi ɗaya tukuna, ina ruwan RAM da caja?

Na daɗe ina gyaran irin waɗannan na hannu a nan Nima, galibi Windows ce da kanta take rage wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ƙarfi don batir ya jima. Buɗe Task Manager ka shiga Performance, ka zuba wa Speed ido sannan ka zare caja. In ya ɗan sauka ne kawai to saiti ne. Je Control Panel, Power Options, ka bi har Change advanced power settings, a ƙarƙashin Processor power management akwai Maximum processor state, wajen On battery ka mai da shi 100. Ko 99 aka sa turbo, wato ƙarin gudun furosesa, ba zai tashi ba, mutane da yawa ba su san wannan ba. Battery saver ma a Windows 10 kunna kansa yake in caji ya sauko kashi 20.

Amma fa in lambar ta maƙale a 0.79 GHz ko 0.39, ko me ka buɗe ba ta motsi, wannan ya wuce saiti. Bod ɗin, wato babban allon cikin laptop, shi ke tura wa furosesa siginar BD PROCHOT, wato ya sassauta, kuma tunda sai an zare caja yake yi, batir nake zargi, ya gaji ba ya iya ba da wutar da ake nema. Buɗe cmd, wato Command Prompt, ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe rahoton da ya fitar ka gwada Design capacity (abin da batir ke ɗauka yana sabo) da Full charge capacity (abin da yake ɗauka yanzu). In na biyun bai kai rabin na farko ba, malam batir ya gama aiki.

Samari za su ce ka sauke manhajar ThrottleStop ka kashe BD PROCHOT ɗin. Eh yana yi, amma ni ban cika so ba, kana tsakiyar aiki sai ta mutu ɗif da kashi 40 a jiki. Ka kuma shafa wajen touchpad, in ya ɗago kamar burodi batir ya kumbura, a cire shi yau yau.

In za ka sayi sabo ka ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohon ka tafi da ita. Turo mana lambobin nan biyu, Design capacity da Full charge capacity, mu gani tukuna.