Amsa kan ziyarar gidan zanen zamani a tsohuwar fada

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ce taro zai kai ka Italiya, kana da yini guda a Benis, kana tambaya ko shiga gidan zanen zamani da ke cikin tsohuwar fada ba ɓata lokaci ba ne. Ni dai shawarata ka je, kuma ka nufi Ca' Pesaro.

Gidan wasu attajirai ne, zuri'ar Pesaro, a bakin babban mashigin ruwan birnin. Maginin da ya tsara shi, Baldassare Longhena, ya rasu a 1682 bai ga ƙarshen aikin ba, sai a 1710 aka kammala. A 1898 matar da ta mallake shi ta bar wa birnin wasiyyarsa, aka zuba zane-zanen zamani a ciki a 1902. Jirgin ruwa mai lamba 1 za ka hau, ka sauka a San Stae. Kada ka je ran Litinin, a rufe yake.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, kada ka yi wa ginin kallon ma'ajiya. Da na shiga, na fi minti ashirin ban dubi zane ko ɗaya ba, kaina na sama ina kallon adon rufi da matakalar bene. Wallahi Babban Gwani, shahararren maginin nan, shi ne ya faɗo mini a rai, da bakan gizon rufin da ya ɗaura a masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya. Wanda idonsa ya saba da zayyanar bangon fadar Zazzau ba zai ce zanen Kandinsky, mai zanen nan ɗan Rasha da aikinsa ke cikin gidan, shirme ba ne, domin mu ma maginanmu da layi da launi suke magana, ba sai sun zana fuskar mutum ba. Ko ɗaliban nan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo, haɗa na gida da na zamani suka sa a gaba.

A cikin gidan akwai aikin masu zane Klimt da Chagall da sassaƙen Rodin. Sai dai in gaya maka gaskiya tun yanzu, wasu hotunan da mutum-mutumin babu sutura, sai ka kau da kai ka wuce, ni ma haka na yi. Hawan sama kuma kayan Jafan ne, takubba da sulke, a gurguje na leƙa.

Ka ware awa biyu, ka tafi da safe kafin ƙafa ta gaji. In ka dawo, don Allah mu haɗu a Samaru, mu zaga sashen zane na ABU tare.