Tambayoyinku kan Fasaha: Ina takardunmu suke kwana bayan mun shiga ƙungiyar masu harkar yawon buɗe ido?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin masaukin baƙi a Garwa, a arewacin Kamaru. Mun haɗa ƙungiya da masu otel, da direbobin da ke kai baƙi gandun dajin Benuwe da Buba Njida, da 'yan rakiya, don mu riƙa tura wa juna baƙi. Sakatarenmu ya ce kowa ya turo masa hoton katin ɗan ƙasa gaba da baya, da ranar haihuwa, da lambar asusun kuɗin waya na Orange Money ko MoMo, duk ta WhatsApp. Hankalina bai kwanta ba. In tura? (Wani mai masauki, Garwa)

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka tura tukuna. Ka tambayi shugabannin me za a yi da kowane abu da aka nema. Ƙungiya irin taku tana bukatar sunanka, sunan masaukin, unguwar da yake, lambar wayar aiki, da shaidar ka biya kuɗin wata. Wannan ya isa a tura maka baƙo. Idan suna son tabbatar da cewa kai ne kai, sai ka je da katin a hannunka, sakatare ya gani da idonsa, ya rubuta "an gani" a littafi, ka mayar da abinka aljihu. Ganin kati daban, ajiye hotonsa daban.

Ga abin da ke faruwa da hoton nan idan ka tura. WhatsApp yana kulle saƙo a kan hanya, gaskiya ne, babu mai karanta shi tsakanin wayarka da ta sakatare. Amma da ya isa, a yawancin wayoyi yakan sauka kai tsaye cikin ma'ajiyar hotuna, ya zauna tsakanin hotunan biki da na suna. Daga nan yaro ya ari wayar ya yi wasa. Gilashi ya fashe a bar ta kwana biyu wurin mai gyara a kasuwa, a ba shi lambar buɗewa. Ko a sayar da ita ba a goge komai ba. A ƙananan ƙungiyoyi irin namu ta nan bayanai suka fi zurarewa, ba sai wani gwanin kutse ya zo daga nesa ba. Hoton kati gaba da baya kuwa abu ne da mugu zai iya gwada yin rajistar layin waya da shi, ko ya nuna wa wani don ya amince masa, alhali sunanka ne a kai.

Abin da nake so ƙungiyarku ta yi shi ne ta raba bayanan gida biyu. Na farko jerin da kowane memba zai gani, har ma a buga a ba baƙi: sunan sana'a, gari, lambar aiki. Kowa da bakinsa zai faɗi abin da ya yarda a sa. Na biyu littafin ofis, inda ake rubuta wanda ya biya da wanda ake bi, da lambar gida idan akwai dalili. Wannan mutum biyu ne kawai ya kamata su taɓa shi, sakatare da ma'aji. Idan a Google Sheets, manhajar rubuta jadawali a intanet, kuke ajiye shi, ku duba wurin rabawa: kada a bar shi a kan "duk mai mahaɗi zai iya buɗewa", domin mahaɗi, wato link, da an tura shi sau ɗaya ya fita hannu. A sa adireshin imel na mutanen biyu kaɗai.

Sai batun da ƙungiyoyi suka fi sakaci da shi, wato canjin shugabanni. A buɗe imel da layin waya da sunan ƙungiya, ba da sunan sakatare ba. Ranar da aka yi zaɓe, a miƙa su, a canza kalmomin sirri a ranar, tsohon sakatare ya goge abin da ke wayarsa a gaban shaidu biyu. Ba zargi ba ne, amana ce ake sauke masa. Memban da ya fita kuma a cire shi daga jeri, a bar abin da lissafin kuɗi ke bukata kawai.

Kuma Alhaji, doka tana bayanka. Kamaru ta kafa doka mai lamba 2024/017 a ranar 23 ga Disamba 2024 kan kare bayanan mutane, kuma ta ba masu riƙe da bayanai wata 18 su gyara tsarinsu. Ginshiƙinta shi ne a nemi yardar mutum, a faɗa masa dalilin karɓar bayanansa, kada kuma a wuce wannan dalili. Kafin ita akwai dokar 2010 kan tsaron intanet da laifukansa, wadda ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, ke cikin masu aiki da ita. Don haka in ka ce "me za ku yi da katina?" haƙƙinka ka nema, ba fitina ka tayar ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina sayar da kayan fata da saƙa a Marwa. Tunda aka sa ni cikin zauren WhatsApp na ƙungiyarmu, baƙin lambobi ke ta kirana. Jiya wani ya ce daga ofishin ƙungiya yake, wai in karanta masa lambobi shida da za su shigo wayata don a sabunta rajistata. (Wata 'yar kasuwa, Marwa)

AMSA: Hajiya, Allah ya tsare. Lambobi shidan nan su ne makullin WhatsApp ɗinki. Shi ne ya sa lambarki a wayarsa, kamfanin ya aiko miki da su, in kin karanta masa ya ƙwace asusun, ya shiga roƙon kuɗi da sunanki wurin 'yan uwa da abokan ciniki. Babu ƙungiyar da ke bukatar su, haka ma lambar sirrin kuɗin waya. Yau ɗin nan ki shiga saituna, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu. In wayarki da Faransanci take, za ki ga an rubuta "Vérification en deux étapes". Ki zaɓi lambobin da ba shekarar haihuwarki ba.

Yadda ya sami lambarki ba wuya: a zaure na yau da kullum kowa yana ganin lambar kowa, kuma in an yaɗa mahaɗin shiga, kowa na iya faɗowa. Ki gaya wa masu kula da zauren su soke tsohon mahaɗin, su kunna amincewar shugaba kafin sabon mutum ya shiga, su bi sunaye ɗaya bayan ɗaya su fitar da wanda ba a sani ba. In da hali ki ware layi ɗaya na kasuwa.

Akwai abin da ya fi lambar waya nauyi, kuma ina roƙon 'yan rakiya da direbobi su ji ni. Kada a zuba hoton fasfon baƙo ko tsarin tafiyarsa a zaure, irin "gobe da asuba za mu tashi zuwa Rumsiki, mutum huɗu, mota kaza". Mutanen yankin nan ba su manta da Fabrairun 2013 ba, lokacin da aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga bayan sun ziyarci gandun dajin Waza, da irin durƙushewar da sana'ar yawon buɗe ido ta yi bayan nan. Hanyar baƙo da lokacinsa a faɗa wa direban da zai ɗauke shi da jami'an da ya wajaba su sani, shi ke nan.

TAMBAYA: Yallaɓai, ni matashi ne mai kai baƙi gandun dajin Zakuma da yankin Ennedi a Chadi. Ina son shiga ƙungiya ta ƙasa da ƙasa irin Skål don in sami abokan hulɗa a Turai, amma takardar sirrin bayanai tana da tsawo. Me zan duba? (Ɗan rakiya, Njamena)

AMSA: Ƙanena, niyyarka mai kyau ce. Skål International, ƙungiyar masu harkar yawon buɗe ido ta duniya, tun 1934 take, hedkwatarta kuma tana Torremolinos a Sifaniya, saboda haka tana ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayun 2018. Dokar ta ba mutum damar neman kwafin abin da aka ajiye a kansa, a gyara kuskure, ko a goge, kuma a ƙa'ida ana ba da amsa cikin wata ɗaya. A takardar ka nemi wa zai ga shafinka, membobi kaɗai ko duk mai intanet. Ko ana ba abokan hulɗa da masu talla adireshinka. Da imel ɗin da ake aika ƙorafi. Akwatin yarda da talla in ba ka so, ka bar shi babu alama. Wurin cike fom ka sa imel da lambar aiki, ka biya kuɗin rajista ta shafinsu na ainihi, ba ta mahaɗin da wani ya turo maka ba. A gida kuma Chadi tana da dokar kare bayanai tun 2015, ANSICE, hukumar tsaron bayanan kwamfuta ta ƙasa, ce ke kula da ita, kuma ta shafe ka kai ma duk lokacin da baƙo ya turo maka fasfonsa. Da tafiya ta ƙare ka goge shi daga waya, ka duba ma'ajiyar Google Photos ma, don sau da yawa kwafi yana can.