Amsa ga mai tambaya kan kunun aya da zoɓo na hannu da lemon kwalba

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayar taka tun jiya da dare, hidimar shago ce ta hana ni zama sai yanzu. In na fahimce ka, abokan aikinka ne sunka sa ka gaba don kana shan lemon kwalba, su kuma yanzu ba su shan komi sai kunun aya da zoɓo na wata baiwar Allah mai sai da ƙaramar gora naira 1,000, har suna ce maka ba ka waye ba, kai kuma kana ganin yayi ne kawai da son a sani, shi ne kake tambaya wai da gaske akwai bambanci ko kuɗi ne kawai ake zubarwa.

Bambanci akwai shi, wallahi akwai shi, amma ba a wurin da abokanka ke nema yake ba.

Ni shekarata 14 ina riƙe da shagon kayan sanyi a Mabera, firiza biyu gare ni, ɗaya na kayan kamfani ɗaya na abin da mata ke aikowa daga gidaje. Kafin nan kuma a gidan kunun zaƙi na tashi, Innarmu Allah ya jiƙanta da shi ta ciyar da mu, ni ke kai markaɗe inji da sassafe kafin in tafi makaranta. To ɓangarorin biyu duk na ci abinci da su kuma har gobe ina ci.

Bari in fara da kunun Inna don a nan na san mi ake nufi da abin hannu. Gero take jiƙawa tun yau, wani lokaci ta surka da 'yar dawa, ya kwana cikin ruwa, gobe a wanke a kai inji tare da citta da kanumfari da ɗan masoro da busasshen dankalin Hausa. In an dawo da ƙullun sai ta raba shi biyu, babban kaso ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko, ƙaramin kason ta aje shi ɗanye. Ba ta haɗa su nan take. Sai ta bari mai zafin ya huce, ta riƙa taɓa gefen robar da bayan hannunta, ba agogo ba komi, in ta ji ya kai yadda take so ta juye ɗanyen ciki ta motsa ta rufe da faifai a bar shi ya kwana. Da asuba in ka ɗaga faifan za ka tarar abin da ya yi kauri jiya ya saki ya zama ruwa-ruwa, ga wani ƙamshi mai ɗan tsami-tsami yana tashi, kuma tun ba a sa sukari ba akwai zaƙi a ciki. Daga baya wani malamin jami'ar Danfodiyo da ke sayayya wurina ya yi mani bayani cewa ɗanyen ƙullun nan da dankalin su ke narkar da sitacin su mai da shi sukari, shi ya sa in an zuba shi da zafi sosai abin ba ya yi, tsamin kuma aikin ƙwayoyin halitta ne irin waɗanda ke sa madara ta zama nono. Inna ba ta san wanga bayani ba amma hannunta ya sani. Na taɓa yin gaggawa na juye mata ɗanyen tun abin na turiri, ranar kunun bai saki ba, haka nan munka sha shi a gida ba a kai kasuwa ba, ba ta yi mani faɗa ba sai ta kama hannuna ta ɗora a jikin robar washegari ta ce "ji nan, haka shi ka so."

Shi ya sa kunun gida ba ya zama iri ɗaya kullum. Na lokacin hunturu daban, don sanyi na sa ya yi jinkirin tsami, na watan Afrilu da Mayu lokacin da zafin Sakkwato ke haura 40 kuwa in ka yi sake kafin azahar ya wuce gona da iri. Sabon gero da tsohon gero ma ba ɗaya ba ne a baki. Mai shan kunun mace guda shekara da shekaru yana iya ce maka yau ba ita ta dama ba ɗiyarta ce, kuma in ka bincika haka ne. Wagga ita ce daɗin abin ga wanda ya san shi. Lemon kwalba kuwa an yi shi ne don kada ya taɓa canzawa, wanda ka sha a Illela shi za ka sha a Legas, na bara shi ne na bana.

Zoɓo ma haka. Fure ne na sure, abin da wasu ke kira yakuwa, akwai baƙi-baƙin nan mai kauri akwai ja mai haske wanda ya fi tsami. Na kirki ana wanke ƙasar jikinsa sosai, a dafa ko a jiƙa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, in ka zuba a kofin gilashi ka ɗaga ba ka hango yatsanka ta baya, in ka kurɓa tsamin ne ke fara zuwa sannan yajin citta ya biyo a maƙogwaro. Kuma mu daina raina shi, wanga zoɓon da muke gani abin talaka ne buhu-buhu ake lodinsa daga Jigawa da Kano ana fita da shi har Meziko, can ma jiƙa shi suke su sha. A Sudan da Masar karkade suke ce masa, a Senegal bisab. Aya ma haka, a yankin Balensiya ta ƙasar Sifen suna da nasu kunun ayar da suke alfahari da shi, har daga ƙasashenmu na nan Afirka ta Yamma suke sayen ayar.

Yanzu maganar kuɗi. Kunun aya na gaskiya dole ya yi tsada, wanga ba yayi ba ne lissafi ne. Aya za a tsince tsakuwa a jiƙa, ga dabino ga kwakwa, ga kuɗin markaɗe, ga tata da ƙyalle har hannu ya gaji, mudu guda in ba a cika masa ruwa ba gorori kaɗan yake bayarwa. Sannan ga babbar matsalar, ba ya jimiri ko kaɗan. In wuta ta ɗauke kuma ba ka samu ƙanƙara ba, abin da anka kawo da safe kafin la'asar ya fara yauƙi, gorar ta kumbura, in ka buɗe ta yi tsit. Na zubar da kula guda cike ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma matar da ta kawo ita ma asarar ta shafe ta. To mai yin na kirki dole ta sa kuɗin wagga asara cikin farashi. Kiret ɗin lemo kuwa ya yi wata uku a lungun shago ba abin da ya same shi. Don haka in ka ga kunun aya mai arha sosai, fari fat, ya wuni a rana bai canza ba, ka tambayi kanka mi ke ciki.

A nan ne nake son abokanka su saurara. Ba duk abin da anka ɗura a gora anka ce na gida ne ke na hannu ba. Da yawan zoɓon da ke yawo a tasha da bakin makarantu zoɓon ciki kaɗan ne, saura ruwa ne da kala da filebo da garin ɗan tsami da garin zaƙin nan mai barin ɗaci a bayan harshe. Wato kayan kamfani ne anka haɗa a baho, ba tare da tsaftar kamfani ba kuma ba lambar NAFDAC. Ba mu manta abin da ya faru a Kano a 2021 ba, lokacin da mutane ɗaruruwa sunka kwanta asibiti wasu sunka rasu, anka danganta abin da garin haɗa lemo da ɗan tsami da sunka lalace. A waccan shekarar dai amai da gudawa ya yi ɓarna a jihohin Arewa har da mu nan. Gorar da ake ɗurawa ita ma abin dubawa ce, yara ke tsinto su a wurin biki da bola a sayar, wata matar za ta wanke da ruwan zafi da sabulu har sau biyu, wata kuwa ɗauraya ɗaya ce. Akwai wadda na daina karɓar kayanta duk da ana sonsa ƙwarai, don na buɗe gora na ji warin maganin da ya taɓa zama a ciki, na yi mata magana ta ce ba komi, na ce to a shagona da komi.

Saboda haka mutumin da ya sauka a mota garin da bai san kowa ba ya sayi lemon kwalba a rufe, ba rashin wayewa ya yi ba, hankali ya yi. Abin da kamfani ke sayar maka ke nan, natsuwar cewa ruwan an tace shi kuma murfin ba wanda ya buɗe. Ni kaina in tafiya ta kama ni abin da nake yi ke nan. Kuma leburan da ya wuni yana sauke buhunan albasa ya zo ya sayi lemo mai sanyi guda da biredi, wa ke da bakin ce masa bai san daɗi ba? Raina mutum kan abin da ya kurɓa ba ɗabi'armu ba ce, kuma abin na ba ni haushi don na san lokacin da abin yake a juye. Muna yara in baƙo ya zo anka kawo masa kunu ko hura sai a ga kamar an gaza, sai an aiki yaro da gudu ya sawo Fanta ko Maltina a ɗora a tire sannan an karrama shi. Inna ta sha jin kunyar miƙa kununta ga baƙin birni. Yau jikokin masu wancan rainin ne ke ɗaukar hoton gorar zoɓo suna sawa a Facebook. Na ji daɗi da abin namu ya samu daraja, amma ban so a ɗauko tsohon rainin a juya shi kan wasu.

Ta fannin lafiya kuwa gaskiya lemon kwalba sukarinsa ya yi yawa. Coca-Cola na da wajen giram 10 da ɗoriya a kowane mililita 100, ka ga robar 50cl ta haura giram 50, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar babba kada ya wuce kamar giram 50 a wuni, in da hali ma rabin haka. Gora guda ta cinye maka kason yini. Har gwamnati ta sa harajin naira 10 kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021. Amma kada wani ya rantse maka cewa na gida ba sukari, na tsaya na ga yadda ake juye shi da gwangwani cikin bahon zoɓo, don in bai yi zaƙi ba yara ba su saye. Fa'idar na gida ita ce kana iya cewa a rage maka, ko a yi maka ba sukari sai dabino. Ina da dattawa masu ciwon suga da ake yi wa nasu daban, ina ɗaura masa zare a wuya don kada ya haɗe da saura.

Wani abu kuma da ya kamata a kula, tunda abin hannu rai gare shi, in ya kwana biyu a zafi yana kumfa yana tsami mai hawa kai, to ya tashi daga kunu ya kama hanyar zama wani abu, zubarwa ake. Ko a hadisi ya zo cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi ya sha har kwana uku, in ya rage bayan nan a ba wani ya shanye ko a zubar. Da yanayin garinmu ma ba ya kai haka in ba a firij ba.

Shawarata gare ka ƙanena, kada ka bar lemonka don an yi maka dariya, kada kuma ka ƙi ɗanɗana nasu don haushi. Sayi gora guda ta wagga matar da abokanka ke saye wurinta, kada ka sha ta da ƙanƙara sosai don sanyi na ɓoye aibi, bari ta ɗan saki. Duba ƙasan gorar, kunun aya na gaskiya yana kwantawa sai an girgiza. Kurɓa ka riƙe a baki, in aya ce da dabino za ka ji garɗi da ɗan maiƙo-maiƙo ya zauna a harshe, in filebo ne ƙamshin zai bugi hanci ya wuce ya bar ka da ruwa. Sannan ka tambaye ta da wane ruwa take yi, sabbin gorori take saye ko tsintattu, yaushe ta haɗa. Mai abin kirki ba ta jin haushin wagga tambaya, daɗi ma take ji.

In kuma kana son ka ji inda abin ya ƙare, nemi hura da nono na shanu na gaske, ba na madarar gari da anka kwaɓa ba, ba kuma wanda anka ƙara wa garin kuka don ya yi kauri ba. Akwai wata dattijuwa Bafulata da ke shigowa daga wajen Dange, shekara tara ke nan ina sayen nononta, in rani ya yi tsanani shanu sunka rage nono sai ta ce mani yau babu, ba ta surkawa. Ranar da ta zo da shi kuwa a gabana take dama hurar cikin ƙwarya da ludayi, in ce kada ta sa sukari. In ka shigo Mabera da hantsi ranar da take zuwa ka yi mani magana ta akwatin saƙo, in sa ta dama biyu.