Tagar Umarni ta Linux: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, na saka Ubuntu (wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) a kwamfutata, amma idan na rubuta kalmar sirri a tagar umarni, wato inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, ba na ganin komai. Ko madannaina ne suka lalace? Daga wata ɗaliba a Mabera.

Amsa: Malama, madannanki lafiyarsu lau. Da gangan ake ɓoye kalmar, ko alamar tauraro ba a nunawa, domin kada wanda ke tsaye a bayanki ya ƙirga haruffan. Ki rubuta kawai ki danna Enter.

Tambaya: An turo wani umarni a zaurenmu na WhatsApp, aka ce yana ƙara wa kwamfuta sauri. Ya fara da sudo rm -rf. Na kwafa na liƙa, yanzu rubutun binciken digirina ya ɓace, kuma babu shi a kwandon shara. Daga wani matashi a Arkilla.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri, amma wannan ɗabi'a ta kwafar umarnin da mutum bai fahimta ba tana ƙona mini rai matuƙa. Ba za ka tarar da komai a kwandon shara ba, domin rm, umarnin goge fayil wanda Linux ya gada daga tsohon tsarin Unix kuma yake aiki tun 1971, ba ya bi ta can. Harafin r yana sa shi ya shiga kowace folda da abin da ke cikinta, f yana hana shi tambayarka ko ka tabbata, shi kuwa sudo yana ba shi ikon shugaban tsarin gaba ɗaya. Wato ka miƙa makullan gidanka ga baƙon da ko sunansa ba ka sani ba, don kawai ya yi maka alkawarin shara.

Ka kashe kwamfutar yanzu, kada ka ajiye ko da hoto ɗaya a cikinta, saboda bayanan na iya kasancewa a kan faifan har sai an rubuta wani abu a gurbinsu. Ka tayar da ita daga filas mai ɗauke da Ubuntu, ka gwada PhotoRec, manhajar tono fayilolin da aka goge, kuma abin da ya tono ka zuba shi a wani faifan dabam. Ba zai dawo da sunayen fayilolin ba, don haka sai ka yi haƙurin buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Idan faifanka SSD ne, wato nau'in faifan da ba ya juyawa, fatan samun su ƙalilan ne.

Abin takaicin shi ne bayanin yana cikin kwamfutarka, ba ya buƙatar data ko ta naira ɗaya. Da ka rubuta man rm, wanda ke buɗe littafin bayanin umarnin rm, da ka karanta ma'anar kowane harafi. Ni ba na goge komai sai na fara duba wurin da ls, umarnin da ke jero fayilolin da ke ciki, kuma na fi son gio trash, wanda yake kai fayil kwandon shara. Rubutun digiri kuwa, a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wajibi ne a kwafe shi zuwa filas da umarnin kwafa na rsync kowane dare.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta, sai wayar Android. Zan iya koyo? Daga wani tela a Gawon Nama.

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam. Ka sauke Termux, manhajar da ke kawo tagar umarni ta Linux cikin waya, daga rumbun manhajoji na F-Droid, ka fara da pwd (nuna foldar da kake ciki), ls, cd (shiga wata folda) da mkdir (ƙirƙirar sabuwar folda). Ka kula cewa Linux yana bambanta babban baƙi da ƙarami, saboda haka Takardu da takardu folda biyu ce dabam.